Masu jita, ku yi lissafi kafin ku hau jirgi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin matasan da ke kafa ƙungiyoyin kiɗan jita a Yamai, Agadas da Kano, waɗanda ke ganin shahararrun makaɗan jitar Nijar irin su Bombino ko Mdou Moctar a dandalin Turai su ɗauka da shebur ake kwasar kuɗi.

Mdou Moctar a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya kafin kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya nemo shi, kuma sai a 2021 faifansa ya fito a babban kamfanin faifai na Matador. Shekara 13 ke nan ana bugawa a gidajen biki da ƙananan zauruka.

Ga yadda kuɗin wasa ke narkewa. Dillalin da ya samo wasan yakan ɗauki kashi 10 cikin 100, manaja 15 zuwa 20. A Amurka ana riƙe kashi 30 na haraji tun kafin kuɗin ya shigo hannu, sai dai in an nemi yarjejeniyar rangwame da hukumar harajinsu aƙalla kwana 45 kafin wasan farko. Abin da ya rage da shi za a biya tikitin jirgi, hayar mota, mai, masauki da abincin mutum huɗu ko biyar, har da mai kula da sauti. Ranar da ba wasa ma ana kashewa, babu abin da ke shigowa. Shi ya sa riguna da faifan da ake sayarwa a bakin ƙofa suke riƙe tafiyar, duk da cewa wasu masu zaure a nan ma sai sun yanki nasu kaso. A rubuta wannan a kwantiragi tun daga gida.

Kada a ɗauki amfilifaya, wato na'urar ƙara sautin jita. Wutarmu 220 ce, ta Amurka 120. Ta gida ba za ta yi aiki a can ba, wadda aka sayo can kuma aka jona a nan babu tiransifoma ƙonewa za ta yi. Ita da ganguna haya ake yi, a faɗi irin da ake so a rubuce. Jita kuwa a shiga da ita jirgi in an yarda, da tsirkiyoyi na ko-ta-kwana, musamman ga bahago irin Mdou, wanda samo masa madadi a garin baƙunta ba ƙaramin aiki ba ne.

Biza ita ce ke kashe tafiya. Ta Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, kwana 90 ce cikin 180, kuma in aka hana makaɗin ganga shi kaɗai, duk jadawalin ya rushe. Ko an samu ma akwai abin da ba a hannun kowa yake ba: juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya rutsa da su Mdou a Amurka, aka rufe iyakoki, sai da masoya suka haɗa musu kuɗin zama.

A ganina Tal National ta Yamai ita ce abin koyi. Sun shekara suna wasan awa biyar a dare, suna raba kansu gida biyu don cika alkawarin biki biyu lokaci guda, suna sayar da faifansu a shataletalen gari, kafin kamfanin FatCat na Ingila ya fitar da su a 2013. Ina fata jaridarku za ta tura wakili ya zauna da irinsu, ya tambayi nawa ake biya da nawa ke saura.

Wassalam,
Mai karatunku daga Maraɗi