Wasiƙa daga Dakar: bashin da aka ɓoye

Dakar, Disamba 2025

Assalamu alaikum, mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne shugaban ƙasar Senegal, Bassirou Diomaye Faye, da firaministansa Ousmane Sonko sun ɓata. To, babu wanda ya fito ya ce sun raba gari, amma ko wajen mai shayi ka zauna, babu wata hira sai wannan.

Ka tuna a Maris 2024 dare ɗaya aka sako su daga kurkuku, zaɓen shugaban ƙasa saura kwana 10. Shari'a ta hana Sonko takara, sai ya ɗaga hannun Diomaye, samari suka cika titi suna cewa Diomaye shi ne Sonko. Ya ci, ya naɗa ubangidansa firaminista. Tun a lokacin dattawa ke cewa ba a sarki biyu zamani ɗaya.

Ni dai abin da ya fi ci mini rai shi ne bashin. A Fabrairun 2025 kotun da ke binciken kuɗin gwamnati ta ce bashin Senegal a ƙarshen 2023 ya kusa kashi 100 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, alhali gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Macky Sall ta ce kashi 74 ne. Giɓin kasafin kuɗi ma da aka ce bai kai kashi 5 ba, ashe ya haura 12. Asusun IMF ya riƙe tallafinsa na dala biliyan 1.8. Shi kuwa Macky yana can Maroko abinsa, yana cewa bai ɓoye komai ba. An tura tsofaffin ministocinsa biyar gaban kotu, amma galibi kan kuɗin korona ne. Wa ya sa hannu a kan alƙaluman ƙaryar? Kuma ina IMF ɗin take duk shekarun da jami'anta ke zuwa suna duba littattafai?

Masu biya kuwa mu ne. An ƙara haraji kan taba da caca, har da tura kuɗi ta waya. A kasuwar Sandaga mai sayar da atamfa da kan ce ka tura masa ta manhajar Wave, yanzu sai ya ɗan yi jim, ya ce ko da tsaba a jikinka.

Ana cikin haka ne a Nuwamba Sonko ya tara dubban mutane, ya ce abin kunya ne Senegal ta roƙi a sake tsara mata bashi. Ba a yi mako ba Diomaye ya ɗora Aminata Touré kan ƙawancen da ya kai shi mulki, jam'iyyarsu ta Pastef, wadda Sonko ke jagoranta, ta ce ba ta san zancen ba, Aïda Mbodj da ke riƙe da kujerar tun da farko ita ce tata. Kowa ya gane takarar 2029 ake ja. Sonko na da jama'a da kujeru 130 cikin 165 a majalisa, Diomaye na da alƙalami. Tsorona kada su shagala da juna, waɗanda suka ci bashin su sulale.

Turaren da Hajiya ta ce, na saya, sai an samu mai tahowa. Ka gaida mutanen majalisarmu duka.

Naka,
abokinka na Dakar