A fara da damina kafin a kai yara Ingila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi, kuma ina so in ja hankalin abokan aikina ga yadda muke gabatar wa ɗalibai tsofaffin waƙoƙin Ingila, waɗanda yawancin ma'anarsu ta rataya a kan yanayi da itatuwa da iska.

Kwanakin baya na karanta wa aji wata waƙar Shakespeare, daga cikin waɗanda aka buga a 1609, inda yake kamanta abin ƙaunarsa da yinin lokacin zafi. Yara suka fashe da dariya, ban kuma ga laifinsu ba, domin wanda ya san watan Afrilu a Maraɗi, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ba zai ɗauki wannan a matsayin yabo ba. A Ingila kuwa, inda sanyi da hazo ke daɗewa, hasken rana shi ne abin marmari, kamar yadda haɗuwar hadari daga gabas take a wurinmu. Laifin namu ne, mu da muke ba su jerin ma'anoni su hardace, wannan fure alamar bege, waccan dusar ƙanƙara alamar mutuwa, alhali ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.

Da na zo kan waƙar kaka da John Keats ya rubuta a 1819, sai na sauya hanya. Na fara tambayarsu yadda gona take bayan an yanke gero, rumbuna sun cika, masu kala sun shiga, sai kara kawai ya rage a tsaye. Nan take suka gane abin da mawaƙin yake nufi, wato wadata da ƙarewa a lokaci guda, tun kafin in gaya musu cewa ya rasu a 1821 yana da shekara 25.

Roƙona ga malamai shi ne su riƙa soma darasin da damina da kaka da hunturu da bazara, sannan su haura zuwa yanayin Ingila. A makon nan na ba ajina aikin rubuta baiti huɗu kan gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya tofo da rani, in ga ma'anar da za su ɗora masa.

Naka,
Wani malamin Ingilishi,
Maraɗi.