Ƙwacen waya a Jos: mai saye ma yana da laifi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan 'yan sara-suka da ƙwacen waya a Jos, kuma wallahi abin yana ci mana tuwo a ƙwarya, daga Gangare har Anguwan Rogo bayan isha'i mutum baya iya ciro waya a aljihu ko uwarsa ce ke kira.

Amma kullum 'yan sanda muke zagi. Yaron da ya sari mutum da gariyo saboda waya ai ba cinta zai yi ba, washegari da safe ya sayar, kuma mu ne muke saye, wayar dubu ɗari a dubu ashirin babu kwali babu rasit, mutum ya san sarai ta sata ce amma ya ce ya samu banza. Iyaye ma wasu da gudu suke zuwa beli.

Ina roƙon ƙungiyar masu sayar da waya a kasuwar Terminus ta hana karɓar tsohuwar waya sai da rasit da lambar IMEI, wato lambar shaidar kowace waya, wadda ke fitowa in an danna *#06#, a rubuta sunan mai sayarwa. Masu unguwanni da limamai kuma su daina sa baki in an kama mai sayen kayan sata.

Naka,
Mazaunin Rikkos, Jos