Abin da manhajar jinga ta nuna min, da abin da ta ɓoye

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan manhajojin da malamai ke ba ɗalibai jinga ta cikinsu, na ga marubucin ya yi musu kuɗin goro: wai ƙyale-ƙyale ne, wai ƙofar satar amsa ce kawai. Ni malamin Bayoloji ne a sakandare, shekara biyar ke nan ina aiki da su. Ka ba ni fili in faɗi abin da idona ya gani, har da wanda bai yi min daɗi ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, abin ba wani tsafi ba ne. Shafi ɗaya ne ajiye a intanet, yara biyar su buɗe shi lokaci guda, kowa daga wayarsa ko kwamfutarsa, kowa yana rubutu yana kallon na ɗan'uwansa yana fitowa. Malami ma yana ciki, yana iya barin tambaya a gefen jimla. Haka Google Docs yake aiki. Su kuwa Google Classroom da ya fito a 2014 da Microsoft Teams na 2017, aikinsu raba jinga da karɓarta da ajiye maki. Moodle ya girme su, tun 2002 wani mutumin Ostareliya, Martin Dougiamas, ya sake shi kyauta, kuma makaranta na iya ɗora shi a kan na'urarta. Yawancinmu dai ba don sha'awa muka shiga ba, korona ce ta tura mu a 2020, lokacin da UNESCO ta ce rufe makarantu ya shafi ɗalibai sama da biliyan 1.5.

Duk malamin da ya taɓa ba da aikin rukuni ya san ciwon da ke cikinsa. Ka haɗa yara biyar, ɗaya ya kwana yana rubutu, huɗu su rattaba suna a bango, maki kuma a raba daidai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Halin ba na yaran zamani kaɗai ba ne. Wani injiniyan aikin gona ɗan Faransa, Max Ringelmann, ya sa mutane jan igiya, ya wallafa sakamakon a 1913: duk sa'ad da aka ƙara hannu, ƙarfin da kowane mutum ke sawa sai ya ragu, har in an kai mutum takwas kowa ya koma kusan rabin abin da yake yi shi kaɗai. Mutum in ya san ba za a gane nasa ba, sai ya saki jiki. To manhajar nan tana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa a shafin: wa ya rubuta wane layi, ƙarfe nawa, wa ya goge. Makon farko da na haska wa ajina wannan tarihin a allo, ajin ya yi tsit. Daga nan cima-zaune suka ragu ba tare da na ɗaga murya ba.

Amma ba kama malalata ne ya fi burge ni ba. A da, jinga sai an gama take zuwa hannuna, kamar gawa: in ja jan biro, in sa maki, yaro ya duba lambar ya cusa takardar a jaka. Yanzu ina shiga tun aikin yana ɗanye. Wata Talata da yamma na leƙa shafin wani rukuni, na tarar an rubuta cewa tsiro ba ya numfashi da rana, sai da dare. Ban gyara ba. Na rubuta a gefe: “To da rana da me saiwa take rayuwa, ita da ba ta ganin haske?” Kafin in rufe kwamfuta wata yarinya ta amsa a ƙasa cewa ita ma jimlar ta tsaya mata a rai. Suka yi ta musu su uku, har suka gano da kansu cewa numfashi dare da rana ake yi, haɗa abinci ne kawai ke jiran haske. A cikin aji wannan yarinyar ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Marubucinku bai ambaci irin wannan ba, ina jin don bai taɓa zama a gaban shafin yana kallo ba.

Yanzu ga inda na yi ɓarna, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. A wani zango na buɗe tarihin aikin wani rukuni, na ga sunan wata ɗaliba bai fito ko sau ɗaya ba. Ban tambayi kowa ba, na ba ta sifili, har da ɗan wa'azi a gefe. Washegari bayan an tashi ta tsaya a bakin ƙofa, ƙawarta na riƙe da hannunta. Ƙawar ce ta yi magana: “Malam, ai ba ta da waya. A tawa muke yi, ita take faɗa ina rubutawa.” Na jawo aikin na yi mata tambaya uku daga sashen da ya fi wuya. Ta amsa duka, har ta nuna min wani zane da ta ce an sa shi a juye, kuma gaskiyarta ne. Wato rabin aikin nata ne, manhajar ta rubuta shi da sunan mai wayar. Na gyara makin, na ba ta haƙuri a gaban ƙawarta, amma na san daren da ta kwana da wannan sifilin ba zan iya mayar mata da shi ba.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba, asusun da aka shiga da shi ta gani. Ni ne na ɗauki asusu a matsayin mutum. Irin wannan yarinyar kuma ba ɗaya ba ce ba biyu ba: a watan Agustan 2020 UNICEF ta ce aƙalla yara miliyan 463, kusan kashi ɗaya cikin uku na 'yan makarantar duniya, ba su da hanyar karatu daga gida lokacin da aka rufe makarantu. An buɗe makarantu, amma wayar ba ta faɗo daga sama ba. Akwai mai jiran uwa ta dawo aiki kafin ya samu aro, akwai wanda datarsa ke ƙarewa a tsakiyar jimla.

Haka batun satar amsa yake. Gaskiya ne tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum amsar duk abin da ya tambaye ta, ya fito a watan Nuwamban 2022 abin ya ƙaru, kuma tarihin shafi yana taimakawa: in ka ga sakin layi shida sun faɗo gaba ɗaya cikin daƙiƙa guda, biri ya yi kama da mutum. Sai dai yaron da ya rubuta nasa a wani wuri don tattalin data, ya zo ya liƙa a ƙarshe, shi ma haka nasa zai fito. Tun daga ranar can na canja tsari. Kowane rukuni yana rubuta a ƙasan aikinsa wa ya yi me, da wayar wa aka yi. Ranar miƙawa ina ware minti biyar ga kowane rukuni, in zaɓi wanda na ga dama ya yi min bayanin sashen da ba shi ya rubuta ba. Wanda ya kawo nasa a takarda ina karɓa, in ɗauki hotonsa in ɗora da kaina. Na kuma daina sa wa'adin sha biyun dare, don ba na son yaro ya yi ta fama da waya lokacin barci, ni ma (a gaya wa juna gaskiya) na gaji da saƙon “Malam, ya ƙi shiga” ƙarfe sha ɗaya da rabi.

Akwai abin da ya fi ƙarfin malami ɗaya, a nan nake so jaridarku ta sa baki. Sunayen yara, rubutunsu, makinsu, lokacin da suke farke, duk suna taruwa a rumbun kamfani. A 2022 hukumar kare bayanai ta ƙasar Denmak ta dakatar da ƙaramar hukumar Helsingør daga amfani da kayan Google a makarantunta saboda wannan damuwar. Sannan gidan aro ba ya tabbata. Edmodo, wanda malamai da yawa suka tara darussan shekaru a ciki, ya rufe a watan Satumban 2022. Google ma ya kashe allonsa na Jamboard a ƙarshen 2024. Wanda bai kwashe kayansa ba kafin ranar, sai labari. Duk da haka za ka tarar malami ya buɗe wa yara hamsin asusu da kansa, shugaban makaranta bai sani ba, iyaye ba a tambaye su ba.

Saboda haka in za ku koma kan batun, ku tura wakilinku ya tambayi shugabannin makarantu abu uku: yara nawa ne a kowane aji ba su da na'urar kansu, wa ya karanta sharuɗɗan manhajar kafin a sa sunayen yara, kuma ina ake ajiye kwafin aikin in kamfanin ya rufe. Shi kuma marubucin sharhin, ina gayyatarsa ajina ranar miƙa jinga. Kujerar baya babu kowa a kai.

Na gode.

Naka,
Wani malamin sakandare