Zuwa ga aminina, bayan labarin da ƙanwarka ta ba ni

Ɗan'uwana cikin Almasihu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Mu nan lafiya muke, sai godiya ga Allah.

Shirun da ya shiga tsakaninmu ya yi tsawo har na fara jin nauyin kiranka, domin na san halinka: za ka ce mini lafiya ƙalau, ka ja ni da hira har mu yi sallama, alhali zuciyarka na ciwo. Ƙanwarka ce ta tsayar da ni bayan sujada, tana jujjuya Littafi Mai Tsarki a hannunta, ta kasa haɗa ido da ni, ta ce kamfanin da ka bar komai ka tafi dominsa ya sallami ma'aikatansa har da kai, karatun da ka fara kuma ya tsaya tun da daga albashin ne kuɗin makarantar suke fita. Kada ka ga laifinta, damuwa ce ta yi mata yawa. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ta ce ka yi, wai ka yi addu'a da azumi kafin ka tashi, ka tabbata Allah ne ya buɗe maka hanya, saboda haka ko dai kai ne ba ka ji muryarsa daidai ba, ko kuwa shi ne ya kai ka ya baro.

Ban ɗauki alƙalami don in fassara maka abin da Allah yake yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abokan Ayuba sun fi yi masa amfani a kwana 7 da suka zauna tare da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, domin da suka buɗe baki suna neman dalilin wahalarsa, Allah da kansa ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Amma wannan zato naka, cewa lalacewar al'amari shaida ce ta cewa tun farko ba Allah ne ya aike ka ba, ba zan iya yin shiru a kansa ba.

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 16. Bulus ya so ya yi wa'azi a lardin Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana shi. Ya nufi Bitiniya, nan ma aka hana shi. Sai a Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙonsa ya haye ya taimake su, shi da abokan tafiyarsa kuwa suka tabbata kiran Allah ne. Wa ya taɓa samun jagora a sarari kamar wannan? Duk da haka ba su daɗe a Filibi ba aka yayyage musu tufafi, aka yi musu dūka da sanduna, aka jefa shi da Sila can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da Bulus ya auna kiransa da abin da ya same shi a wannan dare, da ya ce mafarkin banza ya yi. Haka kuma tafiyarsa Roma: ya daɗe yana marmarinta, Ubangiji ma ya faɗa masa zai yi shaida a can, amma sai da ya yi shekara 2 a tsare a Kaisariya, jirgin da ya ɗauko su su 276 ya farfashe a tsibirin Malita, sa'an nan ya shiga birnin a matsayin ɗaurarre. Alkawarin ya cika, amma ta hanyar da shi kansa ba zai taɓa zaɓa ba.

Na san mutane sun riga sun cika maka kunne da labarin Yusufu, suna cewa 'yan'uwansa sun nufe shi da mugunta amma Allah ya nufe shi da alheri. Gaskiya ne, sai dai masu faɗa suna mantawa da lissafin shekarun. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, kuma sai bayan shekara 7 na ƙoshi da 2 na yunwa ya iya duban 'yan'uwansa ya ce Allah ne ya aiko shi a gabansu don ceton rayuka. Shekara 22 ke nan kafin ma'anar abin ta bayyana masa. A cikin kurkuku ba haka ya yi magana ba. Cewa ya yi da mai shayarwar sarki, sato shi aka yi daga ƙasarsu, bai yi laifin komai ba, ya tuna da shi ya fitar da shi daga wurin. Mutumin kuwa ya fita ya manta da shi har shekara 2 cur. Kai yanzu a nan kake, ɗan'uwana, kuma ba wanda yake da ikon tilasta maka ka faɗi maganar ƙarshen labari tun kana tsakiyarsa. Ka kuma lura cewa neman mafita bai rage wa Yusufu bangaskiya ba, don haka ka rubuta takardun neman aiki, ka tuntuɓi duk wanda zai iya taimako, ba tare da jin kunya ba.

Ayar nan ta Irmiya 29:11 da ka rubuta a bangon littafin waƙoƙinka tun muna ƙungiyar matasa, wadda ba ka bari a tashi taro ba ka karanta mana ita ba, ka taɓa duba waɗanda aka rubuta wa ita? Kamammu ne a Babila, kuma ayar da take gabanta ta ce sai shekara 70 sun cika. Annabin ƙarya Hananiya ya yi albishir a Urushalima cewa cikin shekara 2 za su komo gida, amma Irmiya ya ce su gina gidaje, su dasa gonaki, su yi aure, su nemi zaman lafiyar birnin da ba su zaɓa ba. Ina roƙonka ka yi hattara da duk wanda zai yanka maka ranar da wahalarka za ta ƙare, ko ya ce ka kawo wani abu a karya maka ita. Irin wannan magana tana da daɗin ji, amma idan ranar ta wuce, takan bar mutum da raunin da ya fi na farko.

Ni ma ba zan yi maka alkawarin cewa aikin da ya fi wancan yana jiranka ba, ko da yake kullum shi nake roƙa maka. Yahaya Maibaftisma ya aika daga kurkuku yana tambayar Yesu ko shi ne mai zuwa ko su sa ido ga wani, Yesu kuwa ya yabe shi a gaban jama'a duk da tambayar, amma Yahaya bai fito daga hannun Hirudus da rai ba. Abin da nake kafa dogarata a kai shi ne abin da Bulus ya faɗa a Romawa 8:32, cewa Allah bai hana mana Ɗansa ba, kuma Ɗan nan da kansa ya roƙa a Getsamani a ɗauke masa ƙoƙon wahala kafin ya miƙa kai ga nufin Uba. Wanda ya bi ta wannan hanya dominka ba zai yi wasa da ranka ba. Idan addu'a ta gagare ka, ka ɗauki Zabura 13 ka tambaye shi har yaushe, da kalmomin Dawuda.

Baba dattijo da ya koyar da mu a ajin baftisma idanunsa sun yi rauni ƙwarai, jikarsa ce take karanta masa yanzu, amma da na je gaishe shi ya kama hannuna ya tambaye ni kai, ya ce sunanka yana cikin addu'arsa ta asuba. Mama kuwa ta fara zargin akwai abin da kuke ɓoye mata, ya kamata ta ji daga bakinka. Uwargida ma ka buɗe mata cikinka duka, kada ka ce kana tausaya mata, kuma kada ka janye daga zumuntar masu bi a inda kake.

Mu abokanka mun haɗa ɗan abin da ya sawwaƙa domin karatun yara, kuma na san girman kanka, don haka tun yanzu ina gaya maka ba za mu karɓi ƙi ba. Ka rubuto ka faɗa mini hanyar da zan aiko maka, ka kuma sanar da ni ko makarantar za ta yarda ta ajiye maka gurbinka zuwa baɗi. Maiɗakina tana gaishe ku ƙwarai.

Naka cikin ƙaunar Almasihu,
Amininka