Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta Masu Haɗa Kekuna

'Yan uwa membobi, barkanmu da kammala wata shekarar lafiya. Kamar yadda kuka ɗora mini, ga abin da muka yi bana, da inda muka gaza.

Aikin da ya fi cin lokacinmu shi ne koyon ɗaura wili da hannu. A da, duk wanda wilinsa ya karkace sai ya jefar ya nemi sabo. Bana muka zauna muka koya, muka fara da wili mai sifok 36, wato siraran ƙarafan da ke haɗa tsakiyar wili da gargare, kowane sifok yana tsallake uku kafin ya shiga gargare. Zura sifok ba wuya, wuyar tana wajen daidaitawa. Na ga wani ɗan uwanmu ya wuni a kan wili guda: ya murɗa kaɗan, ya juya, ya ɗan bugi sifok da farce yana kasa kunne ko sautinsu ya zo ɗaya. Da yamma ya saki wilin, ya yi ta juyawa bai taɓa robar birki ta kowane gefe ba. Kowa ya ajiye sifana ya zo kallo. A ganina wannan darasi shi ne babbar ribarmu ta bana.

Mun kuma farfaɗo da tsofaffin firam na ƙarfe da aka yasar, har da wani mai tambarin Reynolds 531, ƙarfen da aka fara fitarwa a Ingila tun 1935. An kankare tsatsa, an goge da sanfefa, sai ga shi garau. Matsalar irin waɗannan firam ita ce faɗin mazaunin wilin baya, milimita 120 ko 126, alhali wilin kekunan titi da suka biyo baya na son 130. Ƙarfe yana yarda a buɗa shi a hankali. Alminiyam kuwa kada wanda ya gwada, tsagewa zai yi.

A nan dole in amsa laifina. Ni na sayo tayoyin wannan aiki, ban auna gargaren ba, na dogara da ido. Ashe gargaren mai inci 27 ne, wato milimita 630, tayoyin kuma 700C, milimita 622. Bambancin milimita 8 kacal, amma taya ta ƙi hawa, muka rasa zama guda cur. Tun daga ranar muka kafa doka: a karanta lambar da ke gefen taya, kamar 32-622, wato kaurin taya da faɗin gargarenta a milimita, kafin a sayi komai. Inci yana ruɗarwa, domin tsohuwar taya mai inci 28 ma milimita 635 ce.

Wasu kurakuran sun maimaitu. Fedar hagu ana kwance ta ne ta hanyar murɗa ta zuwa dama, kuma an ci zaren hannun feda ba sau ɗaya ba saboda mantuwa. Sandar sirdi ta alminiyam ta liƙe a firam na ƙarfe, aka sha fama kafin ta fito, duk don ba a shafa mata giris ba.

Fenti ya yi kyau bana, ba a magana. Sai dai akwai abin da ke damuna ƙwarai. Ranar fitarmu ta gwaji na matse birkin wani keke mai sheƙi, hannun birkin ya tafi har ya taɓa kan keken, taya ba ta tsaya ba. An kashe makonni a kan launi, ba a ba waya da roba ko minti goma ba. Kwamiti ya yanke cewa daga yanzu ba keken da zai fita da mu sai an duba birkinsa da sarƙarsa. Ma'aunin sarƙa yana cikin akwati. In ta miƙe ta kai kashi 0.75 cikin ɗari, a canza ta kafin ta cinye haƙoran giya.

Baɗi za mu buɗe hob ɗin Sturmey-Archer, wato tsakiyar wilin baya, mai giya uku a ciki, mu ga yadda yake aiki. Wanda ke da tsoho a ajiye, ya taimaka ya kawo. Sannan makullin sifok da abin yanke sarƙa ba su dawo akwati ba har yanzu. Don Allah duk wanda suke hannunsa ya maido su kafin zama na gaba.

Sakataren ƙungiya