Kafin katafila ta shigo unguwa: amsa ga Mai Unguwa

Ranka ya daɗe Mai Unguwa,

Assalamu alaikum. A taron jama'a da aka yi kan tsohon ginin nan na bakin kasuwa, ka miƙe ka jefa mana tambaya, mu injiniyoyi da masu zanen gini. Ka ce mai aikin ya yi alkawarin zai bar fuskar tsohon ginin yadda take, a bayanta ne zai tayar da benaye biyu masu hawa ashirin-ashirin. Ka tambaya ko wannan alkawari ya isa ka ce wa jama'arka su kwantar da hankalinsu.

Bai isa ba, ranka ya daɗe. Tsare fuskar gini shi ne mafi sauƙi a duk aikin: a kafa mata ƙarafan tokare ta waje, a toshe tagoginta da katako, a rushe abin da ke bayanta. Haka aka yi a birnin Niyok, inda aka ƙwaƙule cikin ginin kamfanin Hearst mai hawa 6 na shekarar 1928, aka ɗora bene mai hawa 46 a tsakiyarsa, aka gama a 2006. Sai dai wancan tun asali an zana shi ne da niyyar a yi masa ƙari a sama. Abin da zai taɓa gidajen mutanenka rami ne, shi ya sa za mu fi daɗewa a kansa.

Bene mai hawa 20 ba ya zama a kan fandisho irin na gidan kwana. Za a yi haƙa mai zurfi domin harsashi, da tankunan ruwa, da wurin ajiye motoci. Da zarar an kwashe ƙasa, wadda ke gefe sai ta nemi gangarowa cikin ramin, duk abin da ke kanta kuma ya bi ta. A ƙasa mai yashi, wannan zaftarewa kan kai nisan da ya ninka zurfin ramin sau biyu. A laka mai laushi ta wuce haka. Ke nan ramin mita 10 zai iya motsa gidan da ke nisan mita 20 daga bakinsa. Kuma ba a tare gidan zai nutse ba, kusurwar da ke kusa da ramin ce za ta riga sauka. Idan bango mai tsawon mita 6 ya sauka da santimita 2 a gefe guda, tsagewa ta fara. Za ka gan ta a karkace, ta taso daga kusurwar taga ta nufi rufi, ƙofar da ake rufewa da yatsa ɗaya ta koma sai an sa mata kafaɗa. Ginin tubali da tsohon bulo marar rodi su suka fi saurin nunawa.

An ga wannan a birnin Boston na Amurka. Cocin Trinity, wanda aka gama a 1877, yana zaune ne a kan turakun katako kusan 4,500 da aka kafa cikin ƙasar da aka cike a bakin ruwa. A 1968 aka fara haƙa harsashin benen John Hancock mai hawa 60 a gefensa. Bangon ƙarfen da aka kafa don tare ƙasa ya lanƙwashe, titi ya zafta, bututu suka karye, cocin ya tsattsage. Ya samu diyyar kimanin dala miliyan 11, amma sai a 1987 shari'ar ta ƙare. Wannan coci ne mai dukiya da lauyoyi. Tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gidan gadonta ba za ta iya zaryar kotu na shekaru haka ba, shi ya sa muke roƙonka a ɗaure komai a takarda tun ba a sa diga ba.

Na farko, a zagaya kowane gida da ke cikin wancan nisa, a ɗauki hoton kowane bango da kwanan wata, a auna faɗin duk tsagar da ke akwai, maigida da ɗan kwangila su sa hannu, kai ma ka riƙe kwafi. In babu wannan, ranar da bango ya dare za a ce da ma can a tsage yake. A manna ma'auni a kan tsofaffin tsagogi, a kafa alamomin awon nutsewa, a riƙa karanta su duk mako yayin haƙa, sakamakon yana zuwa hannunka. A kuma rubuta adadin da in an kai shi aiki zai tsaya nan take, ba sai an kira taro ba. Tsagar da ba ta kai milimita 5 ba, cikewa ake yi a yi fenti. Wadda ta wuce milimita 25, a fitar da mutane tukuna.

Ka tambaye su yadda za su kafa turakun harsashin. Idan bugawa za a yi da guduma, girgizar za ta ratsa unguwa. Ƙa'idar Jamus kan girgiza ta ce saurin girgizar kada ya wuce milimita 3 a daƙiƙa ga tsofaffin gine-gine masu rauni, 5 ga gidajen kwana. A kusa da tsohon gini, huda ƙasa ake yi a zuba kankare da rodi, ko da ya fi tsada. Sannan kada a ɗaure sabon bene da tsohon bango kankankan. Sabon zai ci gaba da nutsewa a hankali na tsawon shekaru, in an haɗe su zai ja tsohon ya yage. Ana barin rata a tsakani, a haɗa su da ƙarafan da ke iya zamewa sama da ƙasa.

Sai ruwa, wanda mutane ba su cika tunawa da shi ba sai ya ƙafe. Domin ramin ya bushe, za a kwana ana zuƙe ruwa da injin, rijiyoyin maƙwabta su ja baya. Bayan an tare kuma, ga lissafi: gida 6 a kowane hawa, bene biyu, gida 240 ke nan, mutum 6 a kowane gida, 1,440, lita 100 ga kowa a yini, lita 144,000. Daga ina za ta fito, kuma ina za ta tafi bayan an yi amfani da ita? Sokawe ba zai shanye ta ba, kwatar da aka yi wa gidaje talatin kuwa damina ɗaya za ta mayar da ita cikin zauruka.

Inuwa ba ta tayar mana da hankali sosai a ƙasa mai zafi, ko da yake bene mai mita 60 zai shimfiɗa ta fiye da mita 100 da hantsi, wanda ya sa faranti mai amfani da hasken rana a rufinsa zai ji a jikinsa. Wanda ya fi damunmu shi ne tagogi. Mai tsayuwa a hawa na takwas yana kallon tsakar gidaje da dama, inda iyali ke girki da wanki ba mayafi. Malaman Malikiyya sun daɗe da hana buɗe taga mai leƙa gidan maƙwabci. Maganinsa a zane yake: a juya baranda ta fuskanci titi, a ɗaga tagogin gefen unguwa sama da tsayin mutum, ko a sa musu ragar da ke shigar da iska ta tare gani. Bayan an gama gini, gyaran wannan ya zama rigima.

A auna hanya kuma. Motar 'yan kwana-kwana tana bukatar fili kusan mita 4, da wurin juyawa. Lungun da Keke Napep biyu ba sa iya giftawa ba zai ɗauki tifa da motar kankare ba, balle ita.

Alkawarin shaguna masu rahusa ga 'yan kasuwar da za a tasa, kada ka karɓe shi da baki. A Landan, aikin tsohuwar tashar wutar Battersea ya fara da alkawarin gidaje masu sauƙin kuɗi 636, a 2017 aka rage su zuwa 386. A sa adadin shagunan da kuɗin hayarsu cikin sharuɗɗan izinin gini. Kafin ka sa hannu a komai, ka nemi ganin izinin hukumar tsara birni da adadin hawan da ke rubuce a ciki, da rahoton gwajin ƙasa, da rahoton tasirin aikin ga muhalli wanda dokar Najeriya ta 1992 ta tanada, da takardar inshorar da ta ambaci gidajen maƙwabta ƙarara. Idan ka same su, ka aiko mana, mu zauna da kai da masu gidajen layin farko mu karanta su shafi-shafi.

Allah ya ja zamaninka. Wassalam.